Atisayen Cewa A'a

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙane ga babbar yayarsa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da 'yata Lauya. Yaya gwiwar taki? In har yanzu tana damun ki, ki riƙa hutawa tsakanin ɗinki da ɗinki, keken ɗinkin nan ba gudu zai yi ba. Ni lafiya lau nake, sai ɗan tari da ƙurar dutse ta sa min, shi ma da sauƙi. Waya har yanzu ba ta kamawa a nan sai mutum ya hau tudu ya ɗaga hannu sama, don haka zan ci gaba da ba direban motar kayan abinci saƙo duk mako biyu.

Yaya, ga abin da ya sa na rubuto. Wani abokin aikina an kira shi gida makon jiya, an kama ɗansa da ƙwayoyi a aljihun wandon makaranta. Shekarar yaron sha huɗu, sa'ar Lauya. Uban ya dawo yana ta maimaita magana ɗaya, wai abokai ne. Tun daga ranar hankalina ya koma gida. Yarinyar nan ba uwa, ni kuma ina nan nesa ina lura da kawunan wasu.

Kin san aikina a wajen fasa dutsen nan shi ne in tabbatar ba wanda ya ji rauni. Abin da na koya a shekara tara shi ne, wa'azi ba ya hana haɗari, atisaye ne ke hanawa. Duk Litinin ina busa usur, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa ya ruga wurin taruwa. Suna guna-guni, amma ranar da abu ya faru da gaske, ƙafa ta riga ta san hanya kafin kai ya yi tunani.

Haka nake so ki yi wa Lauya. Sau uku a mako, in kin tashi daga aiki, ki zama muguwar ƙawa. Ki miƙa mata wani abu a matsayin sigari ko ƙwaya ko kwalbar maganin tari. Na farko ta dubi idonki ta ce, “A'a, na gode.” In kin matsa, ta ba da dalili ɗaya tak, ba dogon bayani. In kin sake matsawa, ta tashi ta bar wurin. Kada ki yi dariya, kada ki tausaya mata. Ki rubuto min yadda ta yi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki gaishe ta, ki ce na ga sakamakon jarrabawarta, lissafin yana bukatar gyara.

Ƙanenki.

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso ranar Talata, gefenta duk man inji, ka ce wa direban nan ya daina ajiye ta kusa da sifana. Lafiyarmu ƙalau. Gwiwa tana nan tana ƙara kamar ƙofar banɗaki, amma ba ta hana ni taka keke ba. Tari kuwa, kai da kake bin mutane da takunkumi a hannu, kai ne mai tari? Lallai wanzami ba ya son jarfa.

'Yarka tana ci tana sha. Ta ƙara tsawo, sau biyu ina sauke mata kalmasar siket ɗin makaranta a zangon nan. Kuma ta yi haske ta yi kyau a 'yan watannin nan, har masu kawo ɗinki suna cewa ta fara ɗauko marigayiya mahaifiyarta. Na ce musu hannuna ne, kulawa ce.

Atisayenka mun yi. Ni da girmana, da furfurata, na maƙale allin ɗinki tsakanin yatsu biyu na karkace baki na ce, “Ƙawata, ɗan ja sau ɗaya mana.”

Ta ce, “Goggo, wannan alli ne.”

Na ce, “Yau ba Goggo ba ce, muguwar ƙawa ce, ubanki ya naɗa ni.”

Sai ta gyara zama ta dube ni cikin ido ta ce, “A'a, na gode.” Na ce haba, kowa yana yi, ke kaɗai ce 'yar ƙauye. Kai ka ce dalili ɗaya, ita ta jero min huɗu, har da huhu da haƙora. Na matsa na uku, ta tashi ta fita, ta zagayo ta taga tana tambaya ko akwai saura. Ba a banza muka sa mata Lauya tun tana shekara huɗu ba. Sau shida muka yi, sau shida ta ci. Ka kwantar da hankalinka, wannan ba wadda za ta ja ta da hanci.

Ƙawayenta ma na san su. Su huɗu ne da ita. In an tashi daga makaranta nan suke zuwa, su shige ɗakin ciki inda nake ajiye yadi, su tura ƙofa su yi aikin gida, ina jin dariyarsu ina ɗinkina. Biyu 'yan bayan layi ne, masu surutu. Ta huɗun 'yar mai burodin da ke kallon shagona ce, shiru-shiru, duk inda Lauya ta sa ƙafa nan take sa tata. Na ce gara su taru a ƙarƙashin idona da su taru inda ban sani ba.

Ka sha ruwan ɗumi, ka kuma sa takunkumin da kake tilasta wa mutane.

Yayarka.

*

Auta,

Ina gaishe ka, da fatan tari ya tafi. Mu lafiya. Ban jira amsarka ba saboda wani abu ya taso, ina so ka ji daga bakina.

'Yar mai burodi fuskarta ta lalace. Kwana biyar ba ta je makaranta ba. Jiya uwarta ta tsallako da ita shagona, garin fulawa har gwiwar hannu, ta janye mata mayafi ta ce in duba. Auta, kumatun yarinyar sun yi ja kamar an goga musu dutsen guga, ga ƙuraje ƙanana sun feso har wuya, wani wurin yana ɗaye. Tana tsaye kanta a ƙasa, hawaye yana bin wurin, tana ɗan tsuke baki don zafi.

Uwar ta fito da wata 'yar kwalba da ta samu a jakar makarantarta. Ba takarda a jiki, ba suna. Wani mai ne ruwan ƙwai, mai kauri, da wari mai hawa kai. Ta ce man sa haske ne, irin wanda ake haɗawa. Ta doki yarinyar, ta lallashe ta, amma yarinyar ta ƙi faɗin inda ta samo. Shi ne ta zo ta tambaya, tunda nan suke wuni, ko na taɓa ganin wani abu.

Na ce ni ban ga komai ba. Na kira Lauya na tambaye ta a gabansu. Ta dubi kwalbar ta dube ni ta ce, “Ban sani ba, Goggo.” Muryarta ko rawa ba ta yi ba. 'Yar mai burodi ta ɗago ta kalle ta sau ɗaya, ta mai da kai ƙasa.

Uwar ta tafi tana cewa ruwa ba ya tsami banza. Maganar ta ɗan sosa min rai, kamar tana nufin a shagona aka yi. Ka faɗa min yadda kake gani.

Yayarka.

*

Yaya,

Na samu takardunki biyu. Alhamdu lillahi da kuna lafiya, tari ya kusa ƙarewa. Na ji daɗi ƙwarai da kika ce yarinya ta yi haske ta yi kyau, alamar tana samun abinci da barci ke nan. Allah ya saka miki.

Maganar 'yar mai burodi kuwa, kin ga abin da nake gudu. Kwalbar a jakar wa aka same ta? A jakarta. Fuskar wa ta nuna? Tata. Masu shiru-shirun nan su ne abin tsoro. Kallon da kika ce ta yi wa Lauya, ni na fahimce shi, roƙonta take ta rufa mata asiri, ita kuma Lauya ta rufa saboda kunya irin ta ƙawaye. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A wajen aikinmu in inji ɗaya ya fara hayaƙi, ba ma tsayawa tambayar tarihinsa, kashe shi muke mu zagaye shi da igiya.

Don haka ki raba su. Kada yarinyar ta sake shiga shagonki, kada Lauya ta tsallaka gidansu, ko burodi ne ki saya a wani wuri. Ki faɗa wa uwar a fili, ba sai kin yi kwana-kwana ba.

Sannan ki ƙara mataki ɗaya a atisayen. Ku yi musaya: ita ta zama muguwar ƙawar, ke ki zama mai cewa a'a. Mukan yi haka a nan, mu sa ma'aikaci ya nuna yadda ake karya doka, don ya san dabarun masu karyawa. In ta san yadda ake jan mutum, ba za a ja ta ba.

Ƙanenki.

*

Auta,

Lafiyarmu lau a jiki. Ka zauna kafin ka karanta wannan.

Na bi maganarka. Na tsallaka na sami matar mai burodi a bakin tanda, a gaban masu sayen burodi na ce mata kada 'yarta ta sake taka min shago, ni marainiya nake riƙo, ba zan bari a ɓata min ita ba. Ta ajiye farantin da ke hannunta ta bi ni da ido. Na dawo ina jin kaina kamar na yi abin kirki.

Ranar Alhamis da la'asar, bayan na gama wani ɗinki, na ce wa Lauya ta zo mu yi sabon atisayen ubanta. Na miƙa mata allin. Ta ce ba shi za ta yi amfani da shi ba. Ta jawo wani yadi ruwan lemo daga kan kantar shago, ta kama hannuna ta kai ni gaban dogon madubin da masu ɗinki ke gwada kaya, ta yafa min shi a kafaɗa. Wasa take, tana murmushi, tana so ta burge ni kamar kullum.

Ta ce, “Kalar nan ta yi kyau, ko? Amma ba za ta karɓe ki ba. Wannan sai mai haske. Ke ki ɗauki ruwan toka, ko shuɗi mai duhu, su ne ke rufa wa irinku asiri.”

Na ce, “A'a, na gode,” duk da ba ta miƙo min komai ba tukuna.

Ta ce, “Ba laifinki ba ne, haka Allah ya yi ki. Kuma ba wai ki canja ba ne. Duhun rana kawai za ki ɗan goge, ainihin kalarki ta fito. Mako biyu ya isa.”

Na ba da dalilina ɗaya, na ce yana ɓata fata.

Ta zare yadin daga kafaɗata a hankali ta ninke. Ta ce, “To shi ke nan, ba dole. Mu dai ranar hoton ƙarshen zango wannan kalar za mu sa. Ke sai ki tsaya a gefe ki riƙe mana jakunkuna.”

Auta, mataki na uku shi ne in tashi in bar wurin. Ban tashi ba. Ina tsaye ina kallon fuskata a madubi, mace mai shekara hamsin da shida, sai na ji bakina ya ce, “Wane mai ne?” Wallahi ban san ko cikin wasan na tambaya ba ko da gaske. Ita kuma kafin ta ba ni amsa, idonta ya tafi saman kantar shago, inda nake jera gwangwanayen maɓallai. Sau ɗaya, ta yi maza ta ɗauke. Amma na gani.

Na jawo kujera na hau da gwiwar nan tawa. Gwangwani na uku ba maɓalli a ciki. Mai ne ruwan ƙwai, mai kauri, da warin nan na kwalbar 'yar mai burodi, ga cokalin shayina a tsaye a ciki.

Na sauko na kama hannunta na juya. Bayan hannun fari, gaɓoɓin yatsun baƙi ƙirin. Ni da nake auna yarinyar nan da tef duk zango, wuya da kafaɗa da hannu, ban gani ba. Ko kuma na gani na kira shi kulawa.

Ba ta yi gardama ba, karo na farko a rayuwarta. Ta ce wata biyar ke nan. Da kuɗin tara take sayen mayuka kala uku a wani kanti a hanyar makaranta, ta haɗa a ɗakin yadi. Ta ce tun tana ƙarama masu kawo ɗinki ke cewa kash, ba ta ɗauko hasken uwarta ba. Da ta fara shafawa na yaba, sai ta ƙara. Ƙawayen suka tambaya, ta ba su. Daga baya ta kafa doka, wadda ba ta shafawa ba ta shiga ɗakin.

'Yar mai burodi ta ƙi. Sau uku ta ce a'a, Auta, kuma ba wanda ya taɓa yi mata atisaye. Suka daina yi mata magana mako guda, a aji da hanya. Rana ta takwas ta zo da kwalbarta.

Yanzu ga wanda ya fi ci min rai. Maganar farko da Lauya ta yi min a gaban madubi, ba ita ta ƙirƙira ba. Tawa ce. Shekara talatin ina faɗa wa mata haka a wurin nan, “wannan sai mai haske, ke ɗauki mai duhu,” ina ganin shawara ce ta mai sana'a. Yarinyar tana zaune a ƙasan teburin yanka tana tsintar ƙyalle tana ji. Kai kana can kana neman muguwar ƙawa, ni ina nan na je na ci mutuncin baiwar Allah a gaban mutane. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na wasu.

Ban doke ta ba. Ban ma iya yi mata faɗa ba. Gobe zan kai ta asibiti.

Yayarka.

*

Auta,

Ina gaishe ka. Mako huɗu ke nan ba takardarka, ba direba. In fushi kake da ni, ka rubuto ka faɗa, na fi son zagi da shiru. In kuma kana shirin ɗauke ta daga hannuna ne, 'yarka ce, amma ka bari ta warke tukuna.

Likita ta duba ta. Ta ce fatar ta yi rauni, amma an zo da wuri. Ta karɓe gwangwanin, ta rubuta wani magani, ta tsara mana yadda za a bi har a rabu da abin. Ta gaya mata gaskiya ba ɓoye-ɓoye, cewa kafin fuskar ta daidaita sai ta yi duhu fiye da da, kuma ba lokaci ɗaya ba, dabbare-dabbare. Haka kuwa aka yi. Yanzu goshinta da gefen bakinta sun yi duhu, kumatu sun yi ja, in rana ta taɓa ta sai ta ce kamar barkono.

Gidan mai burodi mun je tare. Tunda a gaban mutane na yi ɓarnar, a gaban mutane na gyara, da safe lokacin da layi ya fi tsawo. Na ce ni ce na yi kuskure, 'yarta ba ta kawo komai shagona ba, daga shagona ta ɗauka. Lauya ta faɗi nata da bakinta, ban taya ta ba. Matar ta saurare mu har ƙarshe, sannan ta ce, “Na ji. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma ki bar min 'yata ta huta.” Yarinyar ba ta fito ba. Na ce zan raka su wurin likitar nan, uwar ta ce sun riga sun je.

Sauran biyun, Lauya ta same su ta ce su daina, ta nuna musu yatsunta. Suka ce baƙin ciki take, ta yi haskenta ta gama shi ne za ta hana su. Sun samo wata mai haɗa musu a wani aji. Na je na gaya wa iyayensu, ɗaya ta gode, ɗaya ta ce in ji da tawa.

Ranar Litinin ta farko da fuskar ta ɓaci, ta ce ba za ta makaranta ba. Ta tsaya gaban madubi ta ce ko sau ɗaya ne in bar ta ta shafa ragowar abin, don ta san ranar za su taru a kanta. Na ce babu ragowa. Ta ce ta san inda ake sayarwa. Na goge mata kayan makaranta na ɗora a kan kujera, na ajiye kuɗin tara a kai kamar kullum, na koma kan keke. Kantin kuwa a kan hanyarta yake. Da ta dawo na duba jakar a gabanta, ban ɓoye ba. Littattafai ne kawai. Haka muke yi kullum yanzu, ita ke miƙo min jakar da kanta.

Ba ta cin abinci sosai. Ba ta gardama, gidan ya yi min shiru. Ta ce za ta rubuto maka, na ce ba zan karanta ba, ga ta nan a ciki a manne.

Jiya wata mata baƙa ta zo ta ɗauki yadi ja tana juyawa, tana jiran in hana ta. Na ce ta kawo in auna ta.

Yayarka.

*

Baba,

Ina wuni. Ina fatan kana lafiya, tari ya warke. Ni ma da sauƙi, fuskar tana ƙaiƙayi amma likita ta ce kada in sosa.

Goggo ta faɗa maka abin da na yi. Gaskiya ne duka. Ka yi haƙuri. Na san ka ɗauka ni ce ake ja, ashe ni ce mai ja. Ban san yadda zan ce maka ba ban da haka.

Baba, ina so in tambaye ka wani abu game da atisayen. Ranar Laraba su biyun suka same ni a bayan aji, suka ce in na dawo muka ci gaba za su manta komai. Ɗaya ta buɗe kwalbar ta miƙo min. Na ce a'a na gode. Suka ce dubi fuskarki kamar taswira. Na ba da dalili ɗaya. Suka yi dariya, na tashi na bar wurin. Duk matakan uku na yi daidai.

Amma daga nan ban san inda zan je ba. Na zagaya na tsaya kusa da famfo har aka kaɗa ƙararrawa. Yau kwana goma sha ɗaya ba wanda ya zauna da ni lokacin tara. Sun faɗa wa 'yan aji ina da cuta mai yaɗuwa. 'Yar mai burodi ta dawo makaranta, ina gaishe ta kullum, ba ta amsawa. Ban ga laifinta ba. Ita mako ɗaya muka yi mata, yanzu na san yadda yake.

A atisayen, in na tashi na fita, ina zagayowa ta taga Goggo ta yi dariya a gama. A makaranta ba a gamawa. Kullum in na wuce kantin nan sai na rage tafiya. Ban shiga ba. Amma ban sani ba ko gobe zan shiga.

Mene ne mataki na huɗu?

'Yarka.

*

'Yata,

Lafiya lau nake, tari ya tafi. Ki faɗa wa Goggo ba fushi nake ba. Motar ce ta lalace mako uku, takardunku suka iso tare. Sauran kwanakin kuma laifina ne, na rubuta mata sau uku ina yagawa. Ni na ce ta je ta kori yarinyar da ba ta yi komai ba, daga nan inda nake zaune ban ga fuskar kowa ba. Zan rubuta wa mai burodi da matarsa da hannuna. Kuma ba inda zan kai ki, kina hannun Goggo.

Kin tambaye ni mataki na huɗu. Ban sa shi a atisayen ba domin ban san shi ba. Zan gaya miki abin da ban gaya wa Goggo ba.

Wata biyu da suka wuce na ga an cire murfin ƙarfen da ke kare bel ɗin babban injin niƙa dutse, don aiki ya yi sauri. Na ce a mayar. Suka ce haba, kowa haka yake yi, rana ɗaya ce. Na kashe injin na sa kwaɗo na tafi da mabuɗin. Kwana biyu aiki ya tsaya, sai da aka soke wa mutane hutun da za su je gida don a cike gurbin. Wasu wata uku ba su ga 'ya'yansu ba. Ba wanda ya ji rauni, don haka ba wanda ya ga amfanin abin da na yi.

Tun daga ranar, in na ɗauki farantina na zauna a ɗakin cin abinci, teburin sai ya watse. In na shigo ana hira sai a yi shiru. Abokin nan nawa da na ba Goggo labarin ɗansa, shi ma ya daina amsa gaisuwata. Shekarata arba'in da bakwai, amma akwai ranar da na ɗauki abincina na koma bayan ma'ajiyar kaya na ci a tsaye. Sau biyu na kama mabuɗin nan a aljihu ina cewa in ya sake faruwa zan kau da kai kawai.

Don haka ba zan ce miki ba zafi ba, ba kuma zan ce miki zai wuce nan da Juma'a ba. Abin da nake yi shi ne, ina komawa teburin in zauna a tsakiya, in ci abincina a hankali. Ina gaishe su ko ba su amsa ba. Shekaranjiya wani tsohon makaniki ya zo ya ajiye farantinsa a ɗaya ƙarshen teburin. Bai yi min magana ba, gishiri kawai ya turo min. Ban sani ba ko gobe zai dawo.

Ki ci gaba da gaishe da 'yar mai burodi. Ba dole ne ta amsa ba, ke ce dole ki gaisar. Ki daina tsayawa kusa da famfo, ki zauna inda kika saba zama. Hanyar kantin kuwa, ki bi ta bayan asibiti, ta fi nisa amma ƙafarki lafiya take. Ranar da kika ji kamar za ki shiga, ki faɗa wa Goggo kafin, ba bayan ba. In ma kin shiga, ki faɗa mata, ba za mu yar da ke ba.

Abu ɗaya kuma. Mahaifiyarki tana da haske, gaskiya ne. Ranar da aka haife ki ta daɗe tana kallon ki, ta ce, “Alhamdu lillahi, wannan ta ubanta ce,” tana dariya har ɗinkin da likita ya yi mata yana mata zafi. Ya kamata in faɗa miki tun tuni, sai na tsaya ina tambayar ki lissafi.

Gobe ki je makaranta. Ni ma zan je aiki.

Babanki.